Mun Je Ba Jami'a Haƙuri

Litinin, 15 ga Yuli, da yamma

An dawo da ruwan famfo yau. Mama ta buɗe ta tsaya tana kallonsa yana zuba, sai da na zo na rufe.

Ba zan rubuta abin da ya faru waccan Asabar ɗin ba. Duk garinmu Oshiura an sani, masu ɗaukar hoto sun zo sun tafi, baƙaƙen kayan makokin da muka sa ranar Alhamis suna nan rataye a ƙofar ɗaki ba wanda ya ninke. Abin da zan rubuta shi ne dutsen.

Tun ina goye nake ganinsa a bayan gidanmu. Gonar lemo hawa-hawa, katangar duwatsu a kan katangar duwatsu har can sama, aikin kakan kakana da 'ya'yansa. Ban taɓa sa shi cikin abubuwan da ke motsi ba. Yau ga shi a tsage daga wuya har ƙafa, cikinsa ja wur kamar naman da aka feɗe, faɗin tsagar ya fi filin makarantar firamarenmu. Ƙarfen da ɗan jirgin ɗaukar lemo ke bi ya murɗe kamar wayar shanya. Shekarata ta biyar ke nan ina karatun ƙasa da siminti a kwalejin fasaha, na ci jarrabawa a kan nauyin ƙasa da ƙarfinta, har da yabo. Ashe wasan yara nake yi. Na tsaya da shebur a hannu na kasa ɗauke ido, kuma abin kunyar, ba tsoro kaɗai nake ji ba, har da wani irin girmamawa. Wannan ba zan gaya wa kowa ba.

Silifas ɗin Yaya Ryoji suna bakin ƙofa, inda ya cire su ya sa takalman roba. Mama ta gyara musu zama, sun fuskanci cikin gida, yadda mai shigowa zai zura ƙafa kawai.

Laraba, 17 ga Yuli, da rana

'Yan sa kai sun cika gari, mota biyu daga birni. Mutanen kirki ne, amma wani ya riƙe shebur kamar cokali, sai da na karɓe na nuna masa. Muna cika buhuna da laka, mu jera a bakin hanya, mota ta kwashe. Laka ba ta ƙarewa. Ka kwashe nan ta ɓullo can.

Ga abin mamakin yau. Wata bishiyarmu daga hawan sama ta sauko tare da ƙasarta, a tsaye, ta tsallake hanya ta zauna a tsakiyar gonar kabejin maƙwabcinmu Kawu Bunta. Ko ganye ba ta zubar ba. 'Ya'yanta kore shar suna nan a jiki. Kawu Bunta ya kira Baba ya nuna masa, ya ce, "Hisamatsu, shekara nawa ina cewa ka zo mu sha shayi kana ƙi, yau ka aiko min da bishiya." Ya yi dariya shi kaɗai, sai kuma dariyar ta maƙale masa, ya cire hula. Baba ya juya. Ya koma gida ya ɗebo ruwa a bokiti ya zuba mata.

Abin da ya ɗauko bishiya ya sauke ta a hankali haka, shi ne kuma ya... To. Bari in je in ɗora shinkafa.

Alhamis, 18 ga Yuli, da safe

Dole in rubuta maganar jami'a, don ita ke hana ni cin abinci.

Ƙofa biyu ake bi daga kwalejinmu a shiga aji uku na injiniyanci a jami'a. Akwai ta jarrabawa, wadda kowa ke iya bi, in ka ci ka ga dama ka je, ka ga dama ka fasa. Akwai kuma wadda kwaleji ke tsaya maka, shugaba ya buga hatiminsa ya ce wannan namu ne, mun yarda da shi. Mutum ɗaya ake ba wa a sashenmu duk shekara, bana ni ce. Wanda ya bi ta wannan ƙofar ba ya fasawa. Na san haka ranar da na buga nawa hatimin, har ina jin daɗin sanin.

Ranar da sakamako ya fito, watan jiya, Yaya Ryoji na fara kira. Yana kan dutse yana feshi, ina jin ƙarar injin. Ya ce, "Ranki ya daɗe, Injiniya. Ni zan riƙe dutsen da hannu, ke ki je ki koyo yadda ake riƙe shi da lissafi. In kin dawo ki gina min hanyar da mota za ta hau, gwiwoyina sun fara irin na Baba." Na ce ƙato da kai, ko aure ba ka yi ba kana kukan gwiwa. Ya ce in rufe masa baki in turo hoton sakamakon ya nuna wa abokansa.

Haka aka raba tun muna yara, ba tare da wani ya zauna ya raba ba. Shi gona, ni makaranta. Yanzu rabin gonar na nan lafiya lau, bishiyoyi ɗauke da 'ya'ya, Baba ga gwiwa, Mama ga hawan jini. Wa zai hau? In na tafi a watan Afrilu, tafiyar yini guda ce tsakanina da gida.

Asabar, 20 ga Yuli, da yamma

Laka.

Lahadi, 21 ga Yuli, da yamma

Laka. Silifas na nan.

Talata, 23 ga Yuli, da yamma

Na sauko cin abincin safe na tarar da almakashin yankan lemo na Yaya a gefen kwanona. An wasa shi, an shafa masa mai, an naɗe mariƙinsa da sabon jan zare. Baba ya riga ya fita.

A gidanmu ba a faɗin magana. Ajiye ta ake yi inda mutum zai yi tuntuɓe da ita. Lokacin da Baba ya yarda in shiga kwaleji bai ce ya yarda ba, jakar tafiya kawai na gani a ƙofar ɗakina. To yau almakashi na gani. Na gane, Baba. Ba sai ka faɗa ba.

Na sa shi a aljihu na hau gona. Na yini ina rage ƙananan 'ya'yan don manyan su samu wuri. Ban yi kuka ba sai da na iso inda Yaya ya tsaya da nasa layin, bishiya guda rabi an rage rabi ba a rage ba.

Juma'a, 26 ga Yuli, da yamma

Na shiga jirgin ruwa na tafi kwaleji na samu Malam Kadota, shi ne ya rubuta shaidar da shugaba ya buga wa hatimi. Ofishinsa kamar kullum, duwatsun gwaji ko'ina, ba wurin zama sai ka ɗauke wani dutse. Na faɗa masa a tsaye, don in na zauna ba zan iya ba. Na ce zan fasa.

Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya kira ni da sunan gidanmu. "Hisamatsu, kin san ba ke kaɗai kika buga hatimin nan ba?"

Na ce na sani.

"Ba ki sani ba. Farkon zuwana nan wani yaro ya fasa don ya samu aiki mai kyau. Jami'ar ba ta yi faɗa ba, ko kalma mai zafi ba su faɗa ba. Shekara ta zagayo muka aika da sunan wani, suka ce bana ba gurbi. Ta sake zagayowa, ba gurbi. Sai da gashina ya fara fari suka sake buɗe mana."

Na ji zuciya ta taso min. Na ce, "Malam, shi aiki ya samu. Ni me na samu?"

Na yi tsammanin zai tsawata min. Sai ya miƙe ya rusuna min, shi da furfurarsa. Ya ce, "Kin yi gaskiya, ki yafe min. Ba zan hana ki ba, kuma ba wanda zai ga laifinki a nan. Amma irin wannan ba a yin ta ta waya. Da ƙafafunmu za mu je, ni da ke, mu tsaya gaban Farfesa mu ba da haƙuri. In muka yi yadda ya kamata, wataƙila su rufe ƙofar a hankali."

Ya tambaya ko Baba ya sani. Na ce shi ya nema. Ai ban yi ƙarya ba.

Asabar, 27 ga Yuli, da safe

Na kwana a ɗakinmu na kwaleji. Kotone, 'yar aji huɗu da muke ɗaki ɗaya, ta riga ta ji. A kwalejin nan magana ba ta kwana.

Kotone ta fi ni kai, ba wasa. Ba ta abu a hannu ta gyara maka shi kana tsaye. Amma a sa ta a ɗakin jarrabawa, hannunta rawa yake yi har fensir ya faɗi. Ƙofar jarrabawa ba tata ba ce, kowa ya sani, ita ma ta sani. Baɗi ita ake sa ran kwaleji za ta tsaya wa. Hoton jami'ar na manne a saman gadonta tun tana aji biyu.

Da na farka na ga ba hoton. Sai tabon salatif a bango.

Na ce, "Ke, ina hoton?"

Ta ce, "Ya tsufa ne, Yaya Tomoe. Ungo, ba ki ci komai ba jiya." Ta miƙo min dunƙulen shinkafa. "Kada ki sa ni a lissafinki. Ni ko'ina na je zan yi karatu."

Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Na ce mata gishirin shinkafar ya yi yawa, don dai in samu abin faɗa.

Litinin, 29 ga Yuli, da rana

Baba ya sake kai wa bishiyar nan ruwa. Kullum sai ya kai mata. Kawu Bunta ya haƙura da kabejinsa.

Laraba, 31 ga Yuli, da yamma

Mama tana wanke-wanke, ba ta juyo ba, ta sake faɗa min maganar. Karo na nawa ne, ban sani ba. Wai da safen waccan Asabar Yaya ya leƙa bayan gidanmu ya ce, "Mama, ruwan kwata ya yi ja, wani abu ya toshe a sama. Bari in hau in share, ki ajiye min miya." Haka Baba ke yi duk damina, haka kaka ya yi. Ruwa ya yi ja, a ɗauki fartanya a hau. Ta ce miyar ta huce ta ɗumama, ta sake hucewa.

Na ce mata ranar Litinin zan je jami'a shirye-shirye. Ta ce in tafi da laima.

Litinin, 5 ga Agusta, da rana, cikin jirgin ƙasa

Malam Kadota ya zo cikin baƙar kwat, a wannan zafin da gyare ke kuka kamar za su fashe. Ni ma kwat ɗin da na sa ranar da jami'ar ta gana da ni na sa. A babbar tasha ya shiga kanti ya sayi alewar jan wake, irin mai nauyi kamar bulo, ya ce a naɗe ba ado ba kintinkiri. Ya ce kyautar ban haƙuri nauyi ake nema a cikinta, mai karɓa ya ji a hannunsa cewa ba mu ɗauki abin da wasa ba. Kuma ba a miƙa ta da farko. Sai an yi magana, an karɓi haƙurin, sannan.

Ya koya min kalmomin, ya sa na maimaita. Ya ce in na rusuna kada in ɗago sai ya ɗago. Na ce, "Malam, in bayanka ya riƙe fa?" Ya ce, "To sai mu kwana a can."

Rabona da dariya tun... tun dai. Ga duwatsu ta taga, kore, lafiya lau, kowanne da gidaje a gindinsa, mutane na shanya kaya. Yanzu ba na iya kallon dutse ban tambayi kaina me yake shiryawa ba.

Talata, 6 ga Agusta, da yamma, a masauki

Sai na rubuta kafin wani abu ya zube.

Da muka isa aka ce Farfesa Inokuchi ba ta ofis, tana zauren ruwan sama, yau ranar gwaji ce, in ba mu damu ba mu jira ta a can. Wancan zuwan nawa ofisoshi kawai na gani. Zauren a hoto na san shi, shi ne na bangon Kotone, amma hoto ƙarya yake yi. Gini ne da za a ajiye jirgin ruwan garinmu a ciki a rufe ƙofa. Aka ba mu hular kwano, muka hau wata barandar ƙarfe, Malam rungume da kwalinsa.

A tsakiyar zauren sun gina dutse. Da gaske nake. Gangare ne na ƙasa ta gaske, tsayinsa ya kai bene, an daddanne ta an sossoke ta da ƙananan na'urori kamar ƙusoshi, wayoyi na fitowa daga jikinta. Wata 'yar tsohuwa cikin takalman roba ta ɗaga hannu ta ce a saki. Sai rufin ya fara ruwa. Ba yayyafi ba, ruwa irin na waccan Asabar, mai ƙarar da ba ka jin na kusa da kai. A waje rana na ƙuna, a ciki damina. Mutane ne suka yi wannan, da hannunsu da lissafinsu.

An daɗe ba abin da ya faru. Ɗalibai na kallon kwamfuta, wani har hamma yake yi. Ni kuwa gindin gangaren nake kallo. Ruwan da ke tsattsafowa ta can fari ne tas. Sai ya fara gurɓacewa. Sai ya yi ja.

Na kama ƙarfen baranda. Malam ya ce, "Hisamatsu, mu fita?" Na girgiza kai.

Wata 'yar tsakuwa ta gangaro. Wata ta biyo ta. Can sama wani siririn layi ya buɗe kamar an ja shi da reza. Daga nan duk fuskar dutsen ta taho, a hankali da farko kamar mai tashi daga zaune, sannan gaba ɗaya. Barandar ta girgiza a ƙarƙashin ƙafata. Warin ya iso mu, warin nan na ɗanyar ƙasa da nake ta wankewa daga gashina ya ƙi fita. Aka kashe ruwan. Wurin ya yi tsit.

Na gani. Abin da ban gani ba ranar, wanda nake ta ƙoƙarin kada in zana shi a kaina, na gan shi daga farko har ƙarshe, kuma ba kowa a ƙarƙashinsa. Sun kayar da dutse ba wanda ya ko ƙwarzane. Gobe za su kwashe su sake ginawa su sake kayarwa, har sai ya gaya musu yadda yake yi. Ban san akwai masu irin wannan taurin kai a duniya ba. Na ji ina son su duka, har da mai hamma.

'Yar tsohuwar ta hawo, jiƙe sharkaf. Ashe ita ce Farfesa, wancan karon cikin kwat na gan ta shi ya sa ban gane ta ba. Malam ya haɗa ƙafafu ya fara, "Farfesa, mun zo ne a kan wata magana mai nauyi," ya rusuna. Nan ne ya kamata in bi shi. Sai na ji bakina yana cewa, "Ruwan nan da ya yi ja. Me ya sa ya yi ja tun kafin?"

Malam na sunkuye, ni ina tsaye ƙiƙam. Duk ladabin da ya koya min a jirgi na zubar.

Farfesa ta dube ni. Ta ce, "Cikin ƙasar ne ya fara tafiya. Ruwa ya cika ta, yana kwaso ƙananan ƙwayoyinta yana fitowa da su. In haka ne, dutsen ya riga ya yanke shawara."

Na ce, "A garinmu in ruwa ya yi ja, hawa ake yi a share kwata."

Ta san daga inda na fito, kuma tana kallon labarai. Can ta ce, "Yawanci kwatar ce kuwa. Sau ɗari kwata ce, sau ɗaya ba ita ba. Yadda za a bambance su tun da sauran lokaci, shi nake nema tun kafin a haife ki, ban gama samu ba. Kowane dutse da halinsa. Naku wace irin ƙasa ce?"

Na ce ban san sunanta ba. Ja ce. Iyakar abin da na sani ke nan, ni da na yi makonni ina kwasarta da shebur.

Ta ce, "Ni ma ban sani ba. Ba wanda ya taɓa kawo min ita."

Sai ta dubi kwalin da ke hannun Malam, ba ado ba kintinkiri. Ta gane, wa ba zai gane ba. Ta ce, "Malam Kadota, ɗago, bayanka zai riƙe. Kayan nan da nauyi, ni kuwa hannuna duk laka. Ku koma da shi. In wata ya ƙare kuna nan a kan bakanku, ku dawo, zan wanke hannu in karɓa."

Laraba, 7 ga Agusta, da rana, cikin jirgin ƙasa

Na ba Malam haƙuri. Ya ce tunda yake bai taɓa zuwa ban haƙuri ya dawo da alewarsa ba, bai ma san yadda ake yi da ita ba. Ya ɗora min kwalin a cinya ya ce, "Kai wa yayanki. Ki ajiye a gabansa."

Ina so in je. Ina son wurin nan fiye da duk abin da na taɓa so, kuma almakashi na cikin jakata.

Alhamis, 8 ga Agusta, da yamma

Na ajiye kwalin a gaban hoton Yaya na kunna turare. Ban yi tunani ba sam. Baba ya shigo daga gona zai kunna nasa, ya tsaya yana kallon naɗin. Mutumin da ya tsufa yana kai kyauta yana karɓa, ai ya san naɗin ban haƙuri in ya gani.

"Wa aka je ba wa haƙuri?"

Na faɗa masa duka. Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

Ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya ba, yau ma bai ɗaga ba, amma kunnuwansa sun yi ja. "Wa ya ce ki fasa?"

Na zaro almakashin na ajiye a tabarma. "Kai ka ce."

Ya daɗe yana kallonsa. "Wannan? Tomoe, kayan mamaci rabawa ake yi. Agogonsa na ba abokinsa, hularsa na ba Bunta. Ke na ba ki wannan don shi ya fi daɗewa a hannunsa. Don ki tafi da shi. Jan zaren ma na naɗa ne kada ya ɓace miki cikin kayan makaranta."

Na ce, "To da ka faɗa mana. Sai ka ajiye ƙarfe a gefen kwano ka fice, ni bokanya ce?"

Mama ta ce, "Ke, babanki ne fa."

Na ce na sani, shi ya sa. Na ce gona fa, wa zai hau? Ya ce hawan ƙasa zai iya da kansa, na tsakiya ƙungiyar manoma za ta samo mai noma shi, na sama kuwa dutse ya riga ya karɓi abinsa. Sannan ya ce, "Ɗaya na ba dutsen nan. Ba zan ba shi biyu ba."

Can Mama ta ce tunda an kawo alewa, a yanka. Muka zauna muka ci alewar ban haƙuri a gaban Yaya, aka yanka masa nasa. Zaƙi kamar me. Na ba su labarin zauren, da rufin da ke yin ruwa, da abin da Farfesa ta ce a kan jan ruwa. Mama ta rufe fuska da hannun rigarta. Baba ya sa na maimaita masa maganar, sau ɗari kwata ce, sau ɗaya ba ita ba. Ya gyaɗa kai a hankali. Sai ya tambaya, "Ta ce ba wanda ya taɓa kai mata?"

Juma'a, 9 ga Agusta, da safe

Na kira Malam na ce ba zan fasa zuwa jami'a ba. Na kira Kotone na ce ta mayar da hoton nan bango kafin in zo in ci mutuncinta. Ta yi ta kuka har na gaji na kashe wayar.

Asabar, 10 ga Agusta, da yamma

Tun da sanyin safiya Baba ya hau, shi da Kawu Bunta, da gwiwoyin nasu. Rabon sama da ruwa ya daɗe, amma duk da haka na tsaya a bayan gidanmu ina kallonsu har suka sauko. Bakin tsagar suka je. Suka dawo da leda uku, ƙasar sama, ƙasar tsakiya, ƙasar gindi, Baba ya rubuta a jikin kowacce da alƙalamin da muke rubuta girman lemo.

Ya ɗauko sabon kwali daga rumbu, mai hoton lemo da sunan gidanmu a jiki. Duk lokacin sanyi a irinsa muke aika wa dangi da abokan arziki, kwalin farko kuwa na wanda aka fi girmamawa ne. Ya jera ledojin a ciki, ya cusa jarida a gefe yadda yake yi kada lemo ya gogu, ya liƙe. Ya turo min shi ya ce, "Rubuta sunan Farfesar nan. Bana ita ce ta farko."

Mai motar ɗaukar kaya ya zo ya ɗaga, ya ce, "Kai, Baba, lemo a watan Agusta? Da wannan nauyin?"

Baba ya ce, "Ƙasa ce. Ka riƙe ta da kyau." Kuma ya rusuna wa motar har ta sha kwana.

Da na dawo ciki silifas ba sa bakin ƙofa. Mama ta wanke su ta shanya a rana.

Yaya Ryoji ya rasu ranar Asabar, shida ga Yuli, a kan dutsenmu, ya hau share kwata. Ga shi na rubuta da hannuna. Ina kewarsa. Ya ce in je in koyo, zan je. Ƙasar ta riga ni tafiya, ni sai Afrilu.